Yadda Ake Neman Gatarin Aradu, Kan Kibiya da Duwatsu Masu Ƙyalli a Ƙasar Katsina da Daura

Duk manomin da ya daɗe yana huɗa a ƙasar Katsina ya taɓa turo wani abu da ba shi ya binne ba: tsingaron tukunya mai zane, guntun ƙarfe da tsatsa ta ci, dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya, ko wani baƙin dutse mai santsi da kaifi a baki ɗaya. Yawanci sai a wurga shi bakin iyaka a ci gaba da aiki. Wannan bayani na mai son ya tsaya ya duba ne, ɗalibi ne shi, ko malamin makaranta, ko mai sha'awa kawai. Amma tun da wuri mu yi yarjejeniya: da ido da littafi ake aikin nan. Ba a zuwa da diga, ba a zuwa da shebur. Abin da ruwa da iska da garma suka fito da shi sarari, shi za ka duba. Wanda ke binne a bar shi inda yake.

Mataki na 1: San ƙasar da kake takawa

Ba ko'ina ake samun komai ba. Tsakiya da kudancin jihar, wato su Dutsin-Ma, Musawa, Ƙanƙara, Malumfashi har Funtuwa, suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya samu daga narkakken dutse ko wanda zafi da matsi na cikin ƙasa suka sauya. Shi ne kake gani ya ɓullo a matsayin falale da manyan duwatsu. A nan ake neman ƙanƙara mai haske da sauran duwatsu masu ƙyalli, kuma daga nan ake haƙo farar ƙasar da aka san garin Ƙanƙara da ita. Amma kada ka ɓata lokacinka kana neman burbushin halittu a cikin irin wannan dutse. Zafin da ya yi shi ba ya barin ƙashi ko ganye.

Arewacin jihar, daga wajen birnin Katsina zuwa sassan Daura, wurare da dama yashi ne da tsakuwa da yumɓu da tsofaffin koguna suka shimfiɗa suka danƙare. Masana duwatsu suna kiran ɗaya daga cikin waɗannan shimfiɗu da sunan Gundumi, wani wuri a ƙasar Sakkwato, kuma an san ta da itacen da ya rikiɗe ya zama dutse. Saboda haka in burbushi kake so a yankinmu, wannan shi ne abin da ya dace ka sa wa ido. Ƙasusuwan dabbobin teku kuwa sai ka nufi yamma. Teku ya taɓa malalowa ƙasar Sakkwato shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, shi ya sa ake samun haƙoran kifi da ƙashin kada da kunkuru a wajajen Wurno da Dange, har aka raɗa wa wani ƙaton dabbar teku suna Goronyosaurus saboda Goronyo. Manyan dabbobin dainoso kuma a Nijar suke, a Gadufawa cikin hamada, ana iya ganin ƙasusuwansu a gidan tarihi na Yamai.

Kayan da hannun mutum ya yi ba su da wannan iyaka. Duk inda aka taɓa zama, akwai su.

Mataki na 2: Nemi izini, ka san inda ba a zuwa

Kowace gona da mai ita, kowane kufai da wanda ke ganin na kakanninsa ne. Fara da mai unguwa, in abin zai kai ka nesa a haɗa ka da dagaci. Ka je da goro, ka gaisa yadda ya kamata, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka ba tare da kwana-kwana ba: "Ranka ya daɗe, tsofaffin kufayi nake son in duba, in ɗauki hoto. Ba haƙa zan yi ba, ba kuma zinariya nake nema ba." Wannan jimla ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin da zarar an ga baƙo yana sunkuye yana juya duwatsu, abin da ke zuwa ran mutane ke nan. Ka roƙa a ba ka ɗan gari ya raka ka, ka kuma sallame shi da abin kirki.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce. Dajin Rugu da ƙauyukan da ke bakinsa, da sassan Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, sun sha fama da 'yan bindiga. Babu dutsen da ya kai ranka. Ko a inda ake zaune lafiya, baƙon da ke yawo a bayan gari yana ɗaukar hoto da waya zai iya jawo wa kansa zargin leƙen asiri. Rakiyar ɗan gari ita ce maganin wannan. Ka gaya wa na gida inda za ka da lokacin dawowarka, kuma la'asar ta same ka a cikin gari.

Dattawa su ne taswirarka ta gaskiya. Ka samu tsohon manomi ka ce, "Baba, sannu da aiki. A ina ne in ana noma ake yawan turo tsingaro?" Zai nuna maka da hannu, wataƙila ya ƙara da labarin garin da ya tashi daga wurin da abin da ya tashe shi. Rubuta labarin ma.

Mataki na 3: Zaɓi lokaci

Lokaci mafi kyau shi ne bayan ruwan farko mai ƙarfi, wajajen Yuni, kafin ciyawa ta rufe ƙasa. Ruwan ya wanke ƙura, ya zaizaye yashi, ya bar abu mai nauyi a sarari. Na biyu shi ne bayan kaka, in an kwashe amfani an tattara kara, sai kuma bazara lokacin sharar gona. Tsakiyar damina ba ta da amfani: shuka ta yi tsawo, ba za ka ga ƙasa ba, kuma za ka tattake wa mutane guminsu. A Agusta ka nisanci kwazazzabai, don ruwan da aka yi a wani gari yana iya iso maka ba ka ga hadari ba.

A cikin yini kuwa, ka fita da hantsi bai ɗaga ba, ko bayan azahar rana ta karkata. Hasken da ke zuwa a kaikaice yana ba kowane ƙaramin abu inuwa. Da rana tsaka komai fari fat yake.

Mataki na 4: Kayan tafiya

Takalmi rufaffe mai kauri da dogon wando, malafa, ruwan sha isasshe, sanda, waya mai cikakken caji, littafi da fensir, rula, ƙananan ledoji, tsohon buroshin haƙori, maganaɗisu, ƙaramar wuƙa, da guntun gilashi. In duwatsu masu ƙyalli za ka nema, ƙara guduma da tabarau na kare ido, domin ɓarɓashin ƙanƙara yana tsalle kuma yana yanka.

Sandar nan ba ta dogarawa ba ce kawai. Da ita za ka juya dutse, ka juyo shi ta wajenka yadda duk abin da ke ƙarƙashi zai gudu gaba. Kububuwa da kunama suna son irin wuraren da kake so. In tsautsayi ya sa maciji ya yi sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A hana ƙafar motsi a garzaya asibiti.

Mataki na 5: Inda ake dubawa da yadda ake tafiya

Ka yi tunani irin na wanda zai kafa gida shekara dubu da ta wuce. Yana son ruwa kusa, amma ba ya son ambaliya. Yana son tudu, yana son dutse da zai fake a bayansa in an kawo hari. To nan za ka nema: ɗan tudu a gefen rafi ko fadama, gindin manyan duwatsu, da bakin tsohuwar ganuwa. Tarin kukoki a wurin da babu gida alama ce mai kyau, don kuka tana daɗewa bayan mutanen da suka rayu a gindinta sun tashi. Ƙasa mai launin toka a tsakiyar jar ƙasa ko yashi ita ma tana nuna tsohon juji ko murhu. Sai bangon kwazazzabo da zaizayar ƙasa ta yanka, da ramukan da masu bulo ko masu aikin hanya suka bari. A waɗannan za ka ga ƙasa hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Ka duba daga inda kake tsaye, kada ka shiga ƙarƙashin bangon da ya rataya.

Tafiyar kanta tana da tsari. Zaɓi fili ƙarami, misali taki hamsin-hamsin. Bi kunya ɗaya har ƙarshe a hankali, idonka a ƙasa taki biyu gabanka, sannan ka tsallake kunya biyu ka dawo. In kun kai ku uku ko huɗu, ku jeru da tazarar hannu biyu. Kada ka nemi kibiya ko gatari. Ka nemi abin da bai yi kama da maƙwabtansa ba. Miƙaƙƙen layi, huji zagayayye, santsi inda komai ke da kaushi, launin da ya fita daban. Ido yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya saba, amma ranar da ka gane tsingaro na farko za ka tarar ashe filin cike yake da su.

Mataki na 6: Ka gani, kada ka yi saurin ɗauka

Nan ne mai sha'awa ke rabuwa da mai kwasa. Kafin hannunka ya taɓa abin, ɗauki hotonsa a inda yake, da rula ko biro a gefensa don a san girmansa. Ja da baya ka ɗauki wurin gaba ɗaya, da wata bishiya ko dutse da za a gane. Buɗe Google Maps, danna inda kake ka riƙe, lambobin wurin za su fito, ka kwafe su a littafi. Sannan ka rubuta kwanan wata, sunan ƙauye, gonar wa, irin ƙasar, da abin da ke kewaye: shi kaɗai ne, ko cikin tarin tsingaro yake? A saman kunya, ko a bangon kwazazzabo, kuma zurfin nawa daga sama? Ba shi lamba. Sai yanzu ka ɗaga shi, ka ɗauki gaba da baya da gefe.

Lambobin wurin nan na littafinka ne da na hukuma. Kada ka sa su a Facebook ko TikTok. Hoto ɗaya da sunan ƙauye ya isa ya kawo masu diga cikin mako.

Mataki na 7: Gane abin da ke hannunka

Gatarin aradu shi ne wanda aka fi sani. Dutse ne mai nauyi, baƙi ko kore-kore, tsawon yatsa zuwa tafin hannu, baki ɗaya a wase, ɗayan a tsuke. Mun taso muna jin cewa tsawa ce ke jefo shi, Yarbawa ma suna danganta shi da Sango, Turawa kuma sun daɗe da irin wannan zato. Gaskiyar ita ce mutum ne ya zauna ya goga shi a kan falale da ruwa da yashi har ya yi baki, ya ɗaura masa ƙota ya sari itace, tun kafin a san ƙarfe. Kai shi wajen haske ka karkata: za ka ga siraran layukan guga duk sun nufi gefe ɗaya, kuma bakin ya haɗu daidai daga fuska biyu. Dutsen rafi yana da santsi, amma santsinsa ko'ina ɗaya ne, ba shi da baki. In ka ga dogayen kwarmi masu santsi a kan falale kusa da ruwa, ka ɗauki hotonsu da kyau, mai yiwuwa nan ne mawasar. Abin da tsawa ke bari da gaske daban ne: in ta faɗa kan yashi takan narkar da shi ya zama siririn bututu mai gilashi a ciki.

Kan kibiya iri biyu ne. Na dutse masu kyan nan, siffar ganye, da aka sassaƙa fuska biyu, sun fi yawa a Sahara, wajajen Azbin da Tenere, daga zamanin da hamadar take da tafkuna da ciyawa, tsakanin shekaru kusan 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce. A wajenmu abin da ka fi yiwuwar samu shi ne ƙananan ɓarin ƙanƙara, wasu ba su kai farce ba, waɗanda ake liƙawa a itace su zama tsinin kibiya ko wuƙa. Gane su yana son natsuwa. Ɓarin da mutum ya fasa da gangan yana da ɗan fili a sama inda aka buga, a ƙarƙashinsa kuma akwai ɗan kumburi mai santsi. Gefensa sau da yawa yana da ƙananan ɓantarori a jere, girmansu ɗaya, duk daga fuska ɗaya. Wanda kofaton shanu ko garma ta fasa, ɓantarorinsa a warwatse suke. Kuma guda ɗaya ba hujja ba ne. In ka samu ashirin a wuri guda, to an zauna an yi aiki a nan.

Na ƙarfe shi ne irin na maharba da mayaƙan da: siriri, da kunnuwa masu komawa baya, da 'yar wutsiya da ake cusawa cikin kyauro. Ana samun su a bakin ganuwa da tsofaffin sansani. Ka riƙe shi da takarda ko tsumma. Maharba suna shafa wa kibiya dafin ƙwanƙwani, kuma ko dafin ya daɗe da tafiya, tsatsa da ƙasa sun isa su sa maka tetanos in ya yanke ka.

Tsingaro shi ne mafi yawa, shi aka fi rainawa, alhali shi ya fi ba da labari. Nemi na bakin tukunya da mai zane. Wani zanen da igiya murɗaɗɗiya aka mirgina shi, wani da tsinke aka tsaga, wani da totuwar masara. In da gaske na totuwa ne, tukunyar ba ta wuce shekara 500 da 'yan kai ba, domin masara daga Amurka ta zo bayan 1492. Haka lofen taba na yumɓu: taba ma daga can take, ba ta bazu a Afirka ta Yamma ba sai wajajen 1600. Farin wuri daga tekun Indiya ake kawo shi, shi ne kuɗin kasuwar Katsina lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo a 1851. Kwabo mai huji da anini kuma na zamanin Turawa ne, daga farkon ƙarni na 20. Da irin waɗannan ƙananan alamu za ka iya kintatar shekarun kufai ba ka tona ko taki ɗaya ba. Ka sa ido kuma ga dutsen ado, musamman tsakiya ja mai huji, a bakin shuri da gidan tururuwa, don su kan fito da ƙananan abubuwa daga ƙasa.

Kashin tama, wato abin da ya rage bayan an narka tama an cire ƙarfe, baƙi ne mai nauyi, da ƙofofin kumfa, jikinsa da alamar ya taɓa kwarara. In ka ga tulinsa tare da fasassun bututun yumɓu da wuta ta ƙone, kana tsaye ne a tsohuwar ma'aikatar ƙarfe. Sana'ar ta daɗe a ƙasar nan: a Taruga ta yankin Nok an narka ƙarfe shekaru kusan 2,500 da suka wuce, a Dutsen Dala na Kano kuma tun ƙarni na 7.

Mutane da yawa suna ɗaukar kashin tama a matsayin dutsen da ya faɗo daga sama. Na sama na gaske ba shi da ƙofofin kumfa, yana da siririyar baƙar fata da ƙunar iska ta yi masa, kuma yawancinsu maganaɗisu na kama su. Ba tatsuniya ba ce a ƙasarmu. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar tsuntsaye a gonarsa a Zagami, yankin Faskari, sai dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake. Bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito, kuma har yau sunan Zagami yana cikin littattafan masana sararin samaniya. Sai dai irin wannan ba kullum ba ne. In maganaɗisu ya kama dutsenka, fara zaton tama ko kashinta.

Ƙanƙara mai haske, wadda 'yan jiyoloji ke kira kwaz, a jijiyoyin farin dutse take, waɗanda ke ratsa falale. In ka ga fararen gutsattsari a gangare, bi su sama har inda suka ƙare, jijiyar tana nan kusa. Duba ramuka da tsagogin cikinta, can ne take tsirowa da gefe shida da tsini. Akwai fara tas, akwai mai duhun hayaƙi, akwai mai ruwan shuni. Gwajinta mai sauƙi ne: tana karce gilashi, wuƙa kuma ba ta karce ta. In kuwa wuƙa ta karce dutsen, ka kankare ɗan gari ka ɗiga ruwan lemun tsami; in ya yi kumfa, dangin farar ƙasar siminti ne. Inda ƙwayoyin dutse suka yi manya-manya, za ka iya ganin wani mai ɓarewa falle-falle yana sheƙi, da baƙaƙen sanduna masu layi-layi a tsaye, su ne tomalin. Karce gilashi ba ya mai da dutse daiman, kuma mafi yawan abin da za ka tsinta darajarsa ta ado ce da ilimi. Gara ka san haka tun yanzu.

Mai ruwan zinariya kuwa, buga shi da guduma. Zinariya lanƙwashewa take ta baje, na bogi farfashewa yake ya zama baƙin gari. Kuma don Allah kada ka kai dutse gida ka daka ko ka niƙa. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara saboda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Dutse mai nauyi, ruwan toka mai sheƙi, mai fashewa murabba'i-murabba'i, irin wanda ake yin kwalli da shi, dalma ce. Wanke hannu bayan ka taɓa shi, kada yaro ya yi wasa da shi.

Itacen da ya zama dutse kuma da ido ake gane shi: ga zaren itace, wani lokaci har da gurbin reshe, amma nauyinsa na dutse ne, wuƙa ba ta kama shi.

Mataki na 8: Me za ka ɗauka, me za ka bari

Tsakuwa mai kyau ko ɗan guntun ƙanƙara da ka tsinta a sarari don nazari, da yardar mai gona, ba wanda zai tuhume ka. Haƙa don sayarwa kuwa wani abu ne daban: dokar ma'adinai ta 2007 ta sa duk ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, sai da lasisi. Kayan tarihi su ma suna da dokarsu tun 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, NCMM. Ta hana haƙa ba da izininta ba, ta hana saye da sayarwa sai ta hannun wanda ta amince da shi, ta hana fitarwa waje, kuma kayan hannu da aka yi kafin 1918 suna cikin abin da take karewa.

Amma ni ba tsoron doka nake so ya hana ka tona ba. Dubi Durɓi ta Kusheyi a ƙaramar hukumar Mani. Tuddan da ke wurin kaburburan manya ne. Baturen mulki Palmer ya tona a 1907, hukumar NCMM ta sake aiki a 1992, daga baya aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka bincika. An samu kayan zinariya, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun ado, da tasoshin ƙarfe da suka fito daga ƙasashen Larabawa, shekarunsu tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Don an same su a inda aka ajiye su, tare da juna, shi ya sa aka iya cewa ga lokacinsu, ga kuma nisan da fataucin ƙasar Katsina ya kai tun wancan zamani. Da wani ne ya zaro tasa ɗaya da dare ya kai wa dillali, da ta zama tsohuwar tasa kawai. Cire abu daga mazauninsa tamkar yage shafi ne daga tsakiyar kundi: shafin bai karantu ba, kundin ma ya nakasa.

Kuma an yi mana wannan ɓarnar. A shekarun 1990 an kwashe mutum-mutumin yumɓu masu yawa daga yankunan Katsina da Sakkwato da Nok aka sayar a Turai, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su a jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Yau suna cikin gilashi a ƙasashen wasu da sunan Katsina a ƙarƙashinsu, amma da yawansu ba wanda zai iya nuna ramin da suka fito. Wanda ya haƙa an ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, mu kuma an tafi da wani yanki na tarihinmu da ba zai dawo ba. Abin yana min ciwo.

Kwatanta da makiyayin da yake haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe a 1987, ya ci karo da baƙin itace, ya kai rahoto. Kwalekwale ne mai shekaru kusan 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka.

Saboda haka tsingaro da kashin tama da dutsen niƙa, ɗauki hoto ka mayar inda suke. Abin da ka ga ruwa zai tafi da shi ko garma za ta farfasa, kamar gatari ko kan kibiya, ɗauke shi da lambarsa da niyyar nuna wa hukuma. In ka ga ƙashin mutum, ko tukunya cikakkiya a kife, ko kan mutum-mutumi yana leƙowa daga bangon kwazazzabo, tsaya nan. Kada ka ja, kada ka tona gefensa. Rufe shi da ɗan yashi ka sanar da mai unguwa. Kabari kabari ne ko na wane zamani, kuma hadisi ya gaya mana karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye.

Mataki na 9: Tsaftacewa, ajiya da kai rahoto

Dutse mai tauri, ruwa da buroshi sun ishe shi. Ƙarfe kada ya ga ruwa. Kada ka goge shi da samfefa, kada ka jiƙa shi a kananzir ko ruwan batir, domin sau da yawa tsatsar ce ke riƙe da siffarsa. Kaɗe ƙurar kawai ka naɗe shi a takarda a wuri busasshe. Tsingaro mai laushi, ko mai baƙin ƙonannen abu a ciki, a bar shi yadda yake, daga wannan baƙin ake gano abin da aka dafa da kuma shekarunsa. Kowane abu da ledarsa, da takardar lambarsa a ciki da fensir, don tawadar biro tana bajewa.

Za a zo maka da tayi. Wani zai ce yana da Bature mai sayen gatarin aradu da miliyoyi, sai dai ka fara ba da kuɗin gwaji. Duk cinikin da ya fara da kai ne za ka biya, damfara ce.

Inda ya kamata ka nufa shi ne gidan tarihi na ƙasa da ke Katsina, a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Don duwatsu da burbushi, nemi sashen jiyoloji na jami'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da shi, tana kuma da sashen binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa. Ka je da littafinka da hotunan a waya, ka nemi jami'in da ke kula da kaya, ka nuna masa hoton wurin kafin ka fito da abin daga leda. In za ka bar wani abu a hannunsu, a rubuta maka takardar karɓa mai kwanan wata da sa hannu, ka kuma koma ƙauyen ka gaya wa mai unguwa da mai gona abin da aka ce.